Muhawara: Shin yawon buɗe ido a sararin samaniya sana'a ce mai ɗorewa?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in sa wata magana a gabanku, wadda nake ta juyawa a raina tun ranar da ɗalibaina suka tare ni da tambayoyi a ƙofar aji, bayan an yaɗa labarin Owolabi Salis, lauyan nan ɗan Najeriya da ya shiga rokar New Shepard ta kamfanin Blue Origin a watan Yunin 2025, ya haura sama ya sauko lafiya. Matsayina shi ne yawon buɗe ido a sararin samaniya sana'a ce da ta riga ta kafu, za ta ɗore, kuma farashinta zai yi ta sauka har ta kai ga mutanen da a yau ko mafarkinta ba su yi.

A watan Afrilun 2001, lokacin da attajirin nan na Amurka Dennis Tito ya biya kuɗin da aka ce sun kai dala miliyan 20 ya shiga kumbon Soyuz na Rasha zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, kanta ba ta yi na'am da tafiyar ba. Duk da haka Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya bi sahunsa a 2002, Anousheh Ansari ta tafi a 2006, har aka samu mutum bakwai kafin ƙarshen 2009. A watan Yulin 2021 kuwa, cikin kwana tara kacal, Richard Branson mai kamfanin Virgin Galactic da Jeff Bezos mai Blue Origin kowanne ya tashi a cikin abin hawan kamfaninsa, kuma a rokar Bezos akwai dattijuwa Wally Funk mai shekara 82 da wani matashi ɗan shekara 18. Wata biyu bayan nan mutum huɗu suka yi kwana uku suna kewaya duniya a kumbon kamfanin SpaceX ba tare da ɗan sama jannati na gwamnati ko ɗaya a cikinsu ba.

Mu da muka san yadda kakanninmu suka riƙa tafiya Makka a ƙasa, sannan muka ga yadda yau alhaji ke tashi daga Kano da safe ya yi Magariba a Jidda, bai kamata mu yi saurin cewa wani abu ya fi ƙarfin talaka har abada ba. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, kuma waɗanda suka fito kallonsa a ranar ba su zaci jikokinsu za su shiga irinsa ba. Haka layin wayar salula na GSM ya zo mana a 2001 da tsadar da sai mai hali, yau ga shi a hannun kowa.

Hajiya Bilkisu:
Wa'alaikumus salam. Malam Habibu, Allah ya ƙara basira. Ni da na yi shekara 17 ina sayar da tikitin jirgi da kujerun Umara, abin da nake fara dubawa a kowace sana'ar tafiye-tafiye shi ne ko wanda ya je sau ɗaya yana dawowa ya sake saye. Akwai wata dattijuwa mai sayar da atamfa wadda duk shekara, da watan Rajab ya kama, sai ta shigo ofis da kuɗinta a ƙulle cikin leda ta ce in rubuta sunanta a goman ƙarshe na azumi. Irinta ne ke biya mini hayar ofis da albashin yara, domin wanda ya zo sau ɗaya ya wuce ba ya riƙe sana'a.

Tafiyar New Shepard gaba ɗayanta, daga tashi zuwa sauka da lema, minti 10 zuwa 11 ce, kuma lokacin da mutum ke shawagi ba nauyi bai wuce minti uku zuwa huɗu ba. Abin da yake saye shi ne ya leƙa taga ya ga baƙin sama da lanƙwasar duniya, ya dawo ya ce ya je. Wannan kuwa sau ɗaya ake bukatarsa. Waɗanda suka koma karo na biyu, irin su Charles Simonyi da ya je tashar sararin samaniya a 2007 da 2009, ana iya ƙirga su da yatsu.

Ka kuma duba kamfanin Virgin Galactic, wanda shi ne ke bayyana asusunsa ga jama'a saboda ana cinikin hannun jarinsa a kasuwa. An kafa shi a 2004, ya karɓi kuɗin ɗaruruwan mutane da alkawarin za a ɗauke su cikin 'yan shekaru, amma bai fara jigilar kasuwanci ba sai watan Yunin 2023. Sau bakwai ya yi irin wannan tashi, sannan a Yunin 2024 ya ajiye jirginsa Unity ya ce a jira sabon samfuri mai suna Delta. A 2023 abin da ya shigo masa kimanin dala miliyan 7 ne, asararsa kuwa ta kai kusan miliyan 500. Batun saukar farashi da ka kawo ma, tikitin nan da dala 200,000 aka fara sayar da shi, ya koma 250,000, ya koma 450,000, daga baya aka ambaci 600,000. Shi kuma Bezos da bakinsa ya faɗa a 2017 cewa yana sayar da hannun jarin Amazon na kusan dala biliyan ɗaya a shekara yana zubawa a Blue Origin. Shagon da sai maigida ya riƙa ɗebo kuɗi daga wani shagonsa yana rufa masa asiri, a kasuwa mun san cewa ranar da maigidan ya gaji ko ya rasu, ranar ake sa masa kwaɗo.

Abdulrashid:
Hajiya, da girmamawa, ina ganin kin ɗauki kamfanin da ya fi kowanne rauni kin auna sauran da shi. Abin da ya sauya lissafi shi ne rokar da ke dawowa a sake amfani da ita. Tun watan Disambar 2015 da SpaceX ya fara saukar da gangar jikin rokarsa Falcon 9 a tsaye, an samu gangar da ta tashi sama da sau 20. A da akasarin rokoki sau ɗaya suke aiki su faɗa teku, tamkar mutum ya sayi mota ya je Kaduna ya jefar da ita. Tunda an magance wannan, dole farashi ya sauka, ko da Virgin Galactic ya rushe gobe.

Injiniya Nura:
Ƙanena Abdulrashid, abin da SpaceX ya yi babban aiki ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san haka. Sai dai akwai abubuwa biyu mabambanta da muke kira da suna ɗaya, kuma muddin ba mu raba su ba za mu yi ta magana kowa na nufin abu dabam.

Na farko shi ne abin da New Shepard da Virgin Galactic ke yi, wato a cilla mutum sama kamar yadda yaro ke cilla dutse, ya kai tsayin kilomita 85 zuwa 100 da 'yan kai, ya faɗo inda ya tashi. Na biyu shi ne shiga falaki a kewaya duniya, kamar yadda tashar sararin samaniya ke yi a tsayin kusan kilomita 400. Bambancinsu yana cikin gudu. New Shepard tana kai wa kimanin kilomita 3,500 a sa'a, mai kewaya duniya kuwa sai ya kai kusan 28,000, ninki takwas ke nan. Kuma ƙa'idar da Malam Habibu ke koya wa ɗalibansa ta ce idan gudu ya ninka sau takwas, makamashin motsi sau takwas ɗin zai sake ninkawa sau takwas, wato sama da sau 60. Duk wannan ƙarfin kuma dole a kashe shi lokacin dawowa, shi ya sa kumbo ke shigowa cikin wuta, ana kare shi da garkuwar zafi. Saboda haka wanda ya ƙware a cillawar minti goma bai kama hanyar ƙwarewa a kewaya duniya ba, sana'a ce dabam.

Sai batun kwatanta roka da jirgin sama, wanda kula da shi ne aikina. Jirgi yana shaƙar iskar da zai ƙona mai da ita daga sararin da yake ciki, fikafikansa kuma iska ce ke ɗauke da su. Roka kuwa dole ta ɗauki manta ta ɗauki iskar oksijin ɗinta, har ya zama kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta a lokacin tashi abin ƙonawa ne. Amma abin da ya fi sa tikitin jirgi araha shi ne yawan aikinsa. Jirgi zai sauka, mu zagaya shi da tocila mu duba tayoyi da birki da bakin injin, a zuba mai, a share ciki, cikin sa'a ɗaya ya sake ɗagawa, kuma haka zai yi ta yi sau da yawa a rana har shekara 20 ko fiye. Tashi 20 da ake yaba wa gangar roka a kansa, jirgin fasinja na cikin gida yakan yi shi cikin kwana huɗu ko biyar. Har yanzu kuma sashen sama na Falcon 9 ba ya dawowa, kowace tafiya sabo ake ƙerawa.

Shaida ita ce farashin kansa. Tito ya biya kusan dala miliyan 20 a 2001, a rokar da ba ta dawowa. A watan Afrilun 2022, da kamfanin Axiom Space ya kai mutane tashar a kumbon SpaceX mai dawowa, kuɗin kujera ɗaya da aka ruwaito dala miliyan 55 ne.

Malam Habibu:
Injiniya, na karɓi gyara a kan raba nau'ukan biyu, kuma lissafin makamashin daidai ne. Amma kana auna gobe da mudun yau. Rokar Starship da SpaceX ke gwadawa an tsara ta ne domin sashenta na sama da na ƙasa duka su dawo, kuma a watan Oktoban 2024 duniya ta ga yadda hannuwan hasumiya suka cafke gangar ƙasan tana saukowa. Na san ta sha fashewa a gwaji, amma jiragen farko ma sun sha faɗuwa.

Hajiya kuma, batun cewa sana'ar tana jingine da aljihun wani, haka jiragen fasinja suka fara. A Amurka kwangilar ɗaukar wasiƙun gwamnati ce ta riƙe kamfanonin jiragen sama a shekarun 1920 zuwa 1930, kafin fasinja su yi yawan da za su ɗauki nauyinsu. Idan yau harba taurarin ɗan'adam da kwangilar NASA ne ke biyan kuɗin ƙera roka, mai yawon buɗe ido ya samu kujera a gefe, ban ga aibu a ciki ba. Yaro ma da rarrafe yake farawa.

Dakta Rahila:
Malam Habibu, bari in ɗauka cewa duk abin da kake fata ya tabbata, farashi ya sauka, roka na tashi sau goma a rana. A nan ne damuwata take farawa, domin ɗorewa ba ta tsaya ga ribar kamfani ba, akwai tambayar ko sararin da ake ratsawa zai iya ɗauka.

Duk wadda ta tashi a gidan da ake girki da itace ta san kunkunniya, baƙin nan da ke taruwa a rufin madafa har ya riƙa zubowa a kan murfin tukunya. Irinta ce rokar da ke ƙona kananzir, kamar Falcon 9 da Soyuz, take fitarwa, haka ma injin Virgin Galactic da ke ƙona wani sinadari mai kama da roba. Baƙin hayaƙin mota ko na janareta a ƙasa yake tsayawa, ruwan sama ya wanke shi cikin kwanaki ko makonni. Na roka kuwa ana zuba shi ne a wani sashe na sama da ke farawa daga tsayin kilomita 10 zuwa 15 ya kai kusan 50, inda babu ruwan da zai wanke shi, sai ya zauna shekaru yana shan zafin rana yana ɗumama iskar da ke wurin. Wani bincike da masana na University College London da abokan aikinsu suka fitar a 2022 ya nuna cewa ƙarfin ɗumamar wannan baƙin hayaƙi a can sama ya kusa ninka na wanda ake fitarwa a ƙasa da na jiragen sama sau 500, idan aka auna nauyi da nauyi.

A wannan sashen ne kuma shimfiɗar ozon take, wadda ke tare mana hasken rana mai ƙona fata. Duniya ta sha wahala kafin ta amince da yarjejeniyar Montreal a 1987, aka hana sinadaran da ke lalata ta, waɗanda ke cikin tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki, kuma sai yanzu shimfiɗar ke farfaɗowa a hankali. Ita yarjejeniyar ba ta taɓa batun hayaƙin roka ba. Abin da ke ci mini rai shi ne rabon da ake yi: mutum huɗu ko shida ne ke leƙa tagar, amma sararin da aka zuba wa hayaƙin yana kan manomin da bai taɓa shiga jirgi ba kamar yadda yake kan su, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Abdulrashid:
Dakta, ai New Shepard haidirojin da oksijin take ƙonawa, tururin ruwa ne kawai ke fita. Kuma rokokin da aka harba zuwa falaki a duk duniya a 2024 ba su kai 300 ba, alhali jiragen sama na tashi kusan sau 100,000 a kowace rana. Ashe ba zalunci ba ne a ɗora wa ƙaramin abu laifin da manya suka yi?

Dakta Rahila:
Tambayarka mai kyau ce, Abdulrashid, kuma na yarda cewa a yau rabon roka a cikin hayaƙin da ɗan'adam ke fitarwa kaɗan ne ƙwarai. Amma ka lura da inda maganar ta kai mu. Hujjar da ke wanke wannan sana'a a wajen muhalli ita ce ƙanƙantarta, hujjar da Malam Habibu ke kare ta da ita a wajen kasuwa kuwa ita ce za ta girma. Ba za a riƙe duka biyun a hannu ɗaya ba. In ta tsaya ƙarama ba za ta ci da kanta ba, kamar yadda Hajiya ta nuna, in kuma ta girma sai uzurin ƙanƙantar ya faɗi.

Game da haidirojin, gaskiya ne ya fi kananzir tsabta nesa ba kusa ba. Sai dai akasarin haidirojin da ake sayarwa a duniya daga iskar gas ake fitar da shi, hayaƙin yana fita a masana'anta tun kafin roka ta tashi. Tururin ruwan ma, a can sama inda iska take a bushe ƙwarai, ba baƙo ne marar tasiri ba. Ban ma taɓo tarkacen da ke yawo a falaki ba. A watan Nuwamban 2021, da Rasha ta tarwatsa wani tsohon tauraronta da makami mai linzami, sai da mutum bakwai da ke cikin tashar sararin samaniya suka shiga kumbunansu suka zauna cikin shirin gudu.

Barista Kabiru:
Na bi maganganunku tun farko, kuma akwai wani ginshiƙi da ba a taɓa ba, wato doka. A 2004 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta hana hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar, FAA, kafa ƙa'idojin kare lafiyar fasinjan roka na wani wa'adi, wai domin a bar sana'ar ta koyi tafiya, kuma an sha tsawaita wannan wa'adi. Hukumar tana ba da lasisin harbawa domin kare mutanen da ke ƙasa da dukiyarsu, amma wanda ke cikin kumbon takarda yake sa wa hannu, wadda ke sanar da shi cewa gwamnati ba ta tabbatar da amincin abin hawan ba, kuma ya yarda da haɗarin da idonsa a buɗe. Malam, wannan ba irin tikitin da Hajiya ke sayarwa ba ne.

Haɗarin kuma ba zato ba ne. A 2007 fashewa ta kashe ma'aikata uku a wajen gwajin injin da ake shirya wa Virgin Galactic a hamadar Mojave. A ranar 31 ga Oktoban 2014 jirginsu Enterprise ya tarwatse a sama, mataimakin matuƙi Michael Alsbury ya rasu. A Satumban 2022 injin New Shepard ya lalace ana cikin tashi, Allah ya sa babu mutum a ciki kuma na'urar tsira ta yi aikinta, amma sai da aka yi sama da shekara ɗaya ba a sake harba ta ba. Jiragen Space Shuttle na NASA, da duk ƙwararrun da ke kansu, sun tashi sau 135, biyu suka halaka da mutum 14, kuma cikin mamatan ɗaya daga cikinsu, Challenger, a 1986 akwai malamar makaranta.

Tambayata ita ce me zai faru ranar da fasinja masu biyan kuɗi suka mutu a idon duniya. Mun ga misali a teku a watan Yunin 2023, da jirgin ƙarƙashin ruwa Titan ya murƙushe da mutum biyar a hanyar kallon ɓaraguzan Titanic, kamfanin ya dakatar da aikinsa cikin makonni. Mun kuma ga Concorde, jirgin da ya fi sauti gudu, wanda ya yi jigilar masu kuɗi daga 1976, ya faɗi a kusa da Paris a 2000, zuwa 2003 aka ajiye shi gaba ɗaya. Jiragen fasinja na yau da kullum suna tsallake haɗari saboda mutane na da bukatar tafiya, dole su koma. Abin da ake yi don marmari kuwa, tsoro ɗaya ya isa ya kore masu sayensa, sannan doka da kamfanonin inshora su zo su ƙara masa tsada.

Alhaji Mamman:
'Ya'yana, ni ba masanin roka ba ne, amma tunda Malam Habibu ya ambaci tafiyar Makka a ƙasa, ina da abin cewa, domin mahaifina ya yi ta. Ya bar gida da jaki ɗaya da buhun gero, ya bi ta Maiduguri da Fort-Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, ya ratsa Darfur, ya tsaya a Jazira ta Sudan yana tsinkar auduga har damina biyu kafin ya tara kuɗin jirgin ruwa daga Suwakin. Shekara biyar ya yi kafin ya dawo, ƙafarsa ta hagu kuma har ya rasu akwai tabon da rairayi mai zafi ya bar masa. Da yawa cikin abokan tafiyarsa ba su dawo ba, zuriyarsu na can Sudan har gobe.

Abin da nake so ka duba, Malam, shi ne mutanen nan suna tafiya tun kafin a ƙera jirgi, saboda akwai Ɗakin da suke nufa. Jirgi ya zo ya tarar da matafiya a kan hanya, ya sauƙaƙa musu. To a wannan tafiya ta sama, ina ake nufa? Na ji an ce masauki ɗaya ne ke karɓar irin waɗannan baƙi, wato tashar nan ta ƙasa da ƙasa, kuma jikana ya karanta mini cewa an shirya sauko da ita a nutsar a teku bayan 2030, har NASA ta ba SpaceX kwangilar dala miliyan 843 domin ƙera abin da zai turo ta ƙasa. Kai da kanka ka ce mutum bakwai suka je zuwa 2009, amma ba ka faɗi cewa daga nan sai da aka yi shekara 12 babu ɗan yawon buɗe ido ko ɗaya da ya sake zuwa ba, saboda gwamnatoci sun bukaci kujerun Soyuz domin ma'aikatansu. Wanda ake ɗauka in akwai gurbi, a sauke shi in masu wuri sun zo, cikon benci muke kiransa.

Malam Habibu:
Baba Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Maganarka ta fi kowacce taɓa ni, kuma na yarda misalin Makka bai zauna daidai ba, na janye shi. Amma ban janye matsayina ba. Akwai kamfanoni, ciki har da Axiom, da ke aikin ƙera tashoshi masu zaman kansu domin su gaji wadda za a sauko da ita, kuma NASA ta ba wasunsu kuɗi saboda ita ma tana son ta zama 'yar haya maimakon mai gida. Akwai kuma wuraren da mutum ke zuwa ba don akwai masauki ko ibada ba. Dutsen Everest yana kashe mutane kusan kowace shekara, hawansa na cin dubban daloli, amma ɗaruruwa na bin layi duk shekara. Wannan ya nuna mini, Barista, cewa haɗari ba ya korar kowane irin abokin ciniki. Mai yiwuwa na yi gaggawa da na ce za ta kai hannun talaka, amma ɗorewa a matsayin ƙaramar sana'a mai tsada, irin ta Everest, wannan ina nan a kai. Damuwar Dakta kuwa, doka ce maganinta, a ƙayyade irin man da za a ƙona da yawan tashi tun kafin abin ya yi yawa.

Hajiya Bilkisu:
Malam, ka sauko daga jirgin alhazai zuwa hawan Everest, kuma tsakaninsu akwai tazara mai yawa. Amma ko a wannan matsayin ina da tambaya. Mai kai mutane Everest dutsensa na nan ba shi ya gina ba, jarinsa igiya ne da tanti da tulun iska, shi ya sa ɗaruruwan kwastomomi suka ishe shi. Mai roka kuwa sai ya zuba biliyoyin daloli kafin ya sayar da kujera ɗaya. Jihar New Mexico ta kashe sama da dala miliyan 200 na kuɗin haraji wajen gina filin Spaceport America, akasari domin Virgin Galactic, ka auna wannan da yawan tashin da aka yi a wurin.

Ka kuma duba waɗanda ke cika kujerun Axiom bayan tafiyar farko. A 2023 Rayyanah Barnawi da Ali Alqarni ne daga Saudiyya, a 2024 akwai Alper Gezeravcı na Turkiyya, a 2025 Shubhanshu Shukla na Indiya tare da ɗan Poland da ɗan Hungary. Gwamnatocinsu ne suka biya, kuma aikin bincike suka je yi. A littafina irin wannan ma'aikaci ne da ofishinsa ya saya wa tikiti, shafinsa dabam da na mai yawon buɗe ido. Attajirin Japan Yusaku Maezawa, wanda ya yi kwana 12 a sama a 2021 kuma ya yi cinikin tafiyar kewaya wata a Starship, a 2024 ya soke ta saboda ya gaji da jira. Ka kawo mini kamfani ɗaya da ya rufe shekara da riba daga kuɗin masu yawon buɗe ido kawai.

Malam Habibu:
Hajiya, ba ni da sunan da zan ba ki a yau. Virgin Galactic asara yake yi, kamar yadda kika faɗa, Blue Origin kuma kamfani ne na mutum ɗaya da ba ya bayyana asusunsa, ko kuɗin kujerar New Shepard ma ba ya faɗa, ban da wadda aka yi gwanjonta a kan dala miliyan 28 a 2021. Abin da zan sa wa ido shi ne jirgin Delta idan ya fara aiki: sau nawa zai tashi a wata, nawa za a sayar da kujera a shekararsa ta biyu, kuma mutum nawa cikin waɗanda suka je za su koma layi. Injiniya, in za ka taimaka, ka ƙiyasta mana kwana nawa irin wannan jirgi ke bukata tsakanin sauka da sake tashi kafin kuɗin kujeru shida su iya biyan albashin masu duba shi.